Yadda Jatau Ya Sa Beben Fim Magana

A duk faɗin Talata Mafara babu abin da Jatau bai iya ba, in dai a bakinsa za ka ji labarin. Shi ne ya taɓa gyara janareton da ya gagari injiniyoyi uku, shi ne ke hango ƙwallon da za a ci tun saura minti goma, kuma da iyayensa sun bar shi ya tafi Kano, da yanzu hotonsa ne manne a bayan motoci. Abin da dai ido ya tabbatar shi ne yana da gidan kallo a bayan mahauta: ɗaki ɗaya mai rufin kwano, benci goma sha biyu, babbar talabijin, da wata tsohuwar kwamfuta da ba ta kama caji sai an danne wayarta da dutse. Da wannan ɗaki yake ciyar da matarsa Rabi'atu da 'ya'ya huɗu.

Ɗakin kuwa ba nasa ba ne. Na Alhaji Maiwada ne, babban mahaucin garin, dattijo mai shekara saba'in da 'yan kai, wanda ba ya son dogon zance. Tun watan jiya Alhaji ya tsaya a ƙofa ya ce masa 'ya'yansa na son zuba manyan firji na ajiye nama a wurin, don haka ya fara neman inda zai koma. Jatau ya zaga garin kaf bai samu ɗakin da zai ci ko benci shida ba, abin ya dame shi har abinci ya daina yi masa daɗi. Amma da maƙwabcinsa Tasi'u tela ya tambaye shi, cewa ya yi wurare uku ake roƙonsa ya karɓa, shi ne yake ja musu aji.

Ana cikin haka, wata Laraba da hantsi, sai ga Alhaji da kansa riƙe da waya. 'Yarsa Na'ima da ke aiki a Kaduna ce ta tono wani tsohon fim a intanet ta turo masa, wanda wani Bature likitan dabbobi ya ɗauka a kasuwar garin tun kafin a samu 'yancin kai. Idon Alhaji ba ya ganin ƙananan abubuwa, shi ya sa ya zo a sa masa a babbar talabijin.

Fim ɗin minti shida ne, baƙi da fari. Ga shanu, ga masu tallar nono, ga Baturen da gajeren wando yana duba bakin wata saniya. Can sai ga wani dogon mahauci mai faɗin ƙirji ya durƙusa yana gaisawa da wani tsoho. Da suka gama ya miƙe, ya dubi wani ɗan yaro da ke riƙe da igiyar maraƙi, bakinsa ya motsa.

Alhaji ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashin.

"Babana na, Malam Ishaq," in ji shi a hankali. "Yaron ga kau ni na. Ƙara sauti."

"Babu sauti, Alhaji."

"Talabijin ɗinka ta lalace?"

Jatau ya gyara tsayuwa, don an taɓo inda yake so. "Ai hina-hinan dauri duk bebaye na, Alhaji. Haka Turawa sunka hwara. Mutum shi yi ta motsa baki, sai a rubuta abin da yac ce a allo. Shekara wajen talatin suna wahala kahin su gano yadda ake sa fim magana. Ko majigin da aka kawo muku dauri, ai wani ka tsayawa da lasifika shina yi muku bayani."

Alhaji bai ji rabin wannan karatu ba. Idonsa na kan bakin mahaifinsa.

"Shekara arba'in da ɗaya rabona da muryar bawan Allah wanga," ya ce. "Da na san abin da yac ce mani a nan."

Mutum mai hankali da sai ya ce Allah ya jiƙansa, ya yi shiru. Jatau kuwa sai ya ji bakinsa ya riga shi.

"Muryar tana ciki, Alhaji. Kwanciya ta yi, kamar yadda tsaki ka kwantawa a ƙasan kunu. Mai ilimi ɗai ka iya motso ta."

Tasi'u tela, da tun ɗazu yake bakin ƙofa da igiyar awo a wuya, ya yi gyaran murya.

"Jatau, rediyona na kawo maka tana magana, kam maishe ta bebiya. Kai za ka sa bebe magana?"

"Rediyonka tsegumi ya yi mata yawa, hutu nib ba ta."

Alhaji bai yi dariya ba. Ya dubi Jatau ido cikin ido. "In ka hiddo mani muryar babana, ɗakin ga naka na muddin ina numfashi. Yara su nemi wani wuri su sa hirjinsu."

"Talata mai zuwa, Alhaji. Abin da Turawa sunka yi shekara talatin suna nema, kwana shida ya ishe ni."

Da ya koma gida cin abincin rana ya zayyana wa Rabi'atu shirin, yana lissafawa da yatsu. Babu wata murya a cikin fim ɗin, wannan shi ma ya sani. Zai ɗauko kukan shanu da hayaniyar kasuwa da wayarsa, ya nemo mutum mai babbar murya ya yi maganar Malam Ishaq, ya haɗa su a kwamfuta, shi ke nan. Har ya rubuta abin da marigayin zai faɗa wa ɗansa. Ya zaro takarda ya karanta mata da rawar murya: "Maiwada, ɗana, zo nan kusa da ni. Allah shi yi maka albarka. Duk cikin ɗiyana babu kamarka."

Rabi'atu ta ajiye rariyar da take tankaɗe.

"Malam, Alhaji hwa ɗan hwari na. Wane uba ka kama sunan ɗan hwari? Kai kanka, yarinyar ga tamu ta hwari, tun ranar suna 'ke' kaka ce mata."

"Wanga gida na, wancan fim na. A fim ba a kunya. In uba bai hwaɗi abin da ka sa hawaye ba, mi za a kalla?"

"To ka je ka hwaɗa wa Alhaji gaskiya tun da wuri."

"Ke dai ki tanadi sabon zane. Matar mai fim za ki koma."

Ta ɗauki rariyarta ta ci gaba da tankaɗe, tana cewa ita dai benci sha biyu ba za su shiga tsakar gidan nan ba, ya sani tun yanzu.

Ranar kasuwar Bakura Jatau ya hau kabu-kabu ya nufi kara, inda ake cinikin shanu. Ya ɗaure wayarsa a kan doguwar sanda da roba, ya sa mata safa saboda iska, don haka ya ga masu fim na yi. Shanun nan da kullum ba sa barin mutum ya ji maganar ɗan'uwansa, ranar sai suka yi tsit. Duk wadda ya miƙa wa sandar sai ta daina tuƙa, ta shinshina safar, ta juya masa baya.

Dillalai suka fara taruwa.

"Malam, awon mi kaka yi?" in ji wani.

"Muryassu nika ɗauka."

"To ai ba ka gaishe su ba. Shanun Bakura ba su magana da baƙo haka kawai."

Wani makiyayi ya ji tausayinsa, ya ce masa saniya ba ta kuka sai an raba ta da ɗanta, bari ya kira mai ita ya riƙe masa. Jatau ya ce ba sai an kira kowa ba, shi da ya tashi cikin shanu. Ya kama igiyar wani maraƙi ya ja shi gefe. Uwar ta ɗaga kai ta saki kuka mai tsawo, mai daɗi, irin wanda yake nema tun safe. Sai dai da ta gama kukan ba ta tsaya jiran yabo ba, ta sunkuyar da kai ta taho.

A yi masa adalci, Jatau bai yar da sandar ba. Yana gudu yana miƙa ta baya, har ya faɗa cikin taɓon da ke gefen kwamin shan ruwa. Ya dawo Mafara da yamma da wando a yage tun daga ƙugu har gwiwa, ya kai wa Tasi'u, ya ce wani mahaukacin bijimi ne ya ɓalle zai halaka mutane, shi ya tare shi da hannu ɗaya.

Tasi'u ya ɗaga wandon ya duba. "Ikon Allah. Da baya kat tare shi?"

Saura murya. Jatau ya yi tunani ya ga duk wanda ya ɗauka a cikin gari za a gane shi, gara ya yi nisa. Sai ya tuna da Sufyanu na Dosara, can ƙasar Maradun. Sufyanu yana da murya kam, irin wadda in ya yi sallama kaji ke watsewa. Matsalar ɗaya ce: duk wanda ya taɓa cin kasuwa a Mafara ko Bakura ko Maradun ya san ta, domin shekara ashirin ke nan Sufyanu yana yawo da tsohuwar mota da lasifika a kai yana tallar maganin basir. Jatau ya san da haka. Hujjarsa ita ce ta lasifika mutane suka san shi, in aka cire lasifika wa zai gane?

Jatau ya same shi har gida. Sufyanu ya ji za a sa shi a fim, ya amince tun kafin a gama bayani. Suka shimfiɗa tabarma a zaure za su fara, zakara ya yi cara. Suka sake, mata suka fara daka. Suka koma bayan gida, jaki ya karɓe zancen. Jatau ya ce ai ba su suka fara shan wannan wahala ba, Turawa ma da suka fara fim mai magana a cikin akwati suke kulle mai ɗauka don kada ƙara ta shiga. Ya waiga, idonsa ya faɗa kan wani babban rumbu na ƙasa da babu komai a ciki.

Suka kafa tsani suka hau, suka dira ciki ta baki, suka jawo murfin ciyawa suka rufe. Shiru kam an samu. Amma zafi kamar tanda, ga ƙaiƙayin gero na shekara da shekaru. Jatau ya haska takarda da waya, Sufyanu ya cika ƙirji.

"Ina kwana, ina gajiya, ƙaƙa iyali, ƙaƙa shanu, jama'a a matso kusa, a sha da kunu safe da yamma."

"Tsaya, Malam Sufyanu. Babu kunu a takardar ga."

"Baki na ya saba. A sake."

Aka sake, atishawa ta zo. Aka sake, kunu ya dawo. Jatau ya ce ba komai, duk zai yanke a kwamfuta, aikin minti biyu ne. Muryar tsohon da ake gaisawa da shi kuwa shi ya yi ta da kansa, ya toshe hanci da yatsu. Da suka zo kan maganar uba da ɗa, ko don wahala ta sa Sufyanu ya yi laushi, sai ga shi ya faɗe ta sau ɗaya tak, a hankali, babu kunu babu atishawa. Jatau da kansa sai da tsigar jikinsa ta tashi.

Da suka gama suka ɗaga kai, sai suka lura bakin rumbun ya fi ƙarfin hannunsu, tsani kuma yana waje. Sufyanu ya yi ta kwaɗa kira. Mutanen gidan sun saba jin sa yana gwajin sabuwar talla, don haka babu wanda ya ko ɗaga kai. Sai da aka yi kiran azahar ba a gan shi a masallaci ba, sannan ƙaninsa ya bi sawun muryar ya zuro musu tsani. Jatau ya fito fari fat da ƙura, yana sosa wuya, yana gaya wa mutanen da suka taru cewa haka ake yi a ƙasashen waje.

Kwana biyu ya yi a gaban kwamfuta. Sau huɗu dutsen yana zamewa tana mutuwa. Ya haɗa, ya yanke, ya manna, amma bai tsaya ya kalli abin daga farko har ƙarshe ba, don a cewarsa gwani ba ya duba aikinsa sau biyu. Kuma lokacin ma babu, domin akwai gayya. Alhaji dai shi kaɗai ya so ya ji muryar mahaifinsa. Amma Jatau ya ga abin tarihi irin wannan bai kamata a yi shi a ɓoye ba, sai ya bi mahauta rumfa rumfa, ya bi masu shayi, ya bi tasha, yana shelar cewa ranar Talata bayan la'asar matattu za su yi magana a gidan kallonsa. Har Dakko labari ya kai, inda Gwaggo Turai take, ƙanwar Malam Ishaq, tsohuwa mai shekara casa'in da ta rage ita kaɗai a cikin 'yan ɗakinsu. Ta ce ko a kan jaki ne sai an kai ta.

Ranar Talata, ranar kasuwa, ɗakin ya cika har ana leƙe ta taga. Aka ajiye wa Gwaggo kujera a gaba kusa da Alhaji, wanda ya shigo ya ga taron ya haɗe fuska. Rabi'atu na can baya cikin mata, da tsohon zanenta. Jatau ya sha babbar riga, ya yi jawabi na minti goma a kan wahalar da Turawa suka sha da wadda shi bai sha ba, sannan ya danna.

Shanu suka bayyana, kuka ya tashi. Ɗakin ya ɗauki kabbara da salati. Wani tsoho ya ce wallahi har ya gane kukan, irin shanun da ne, na yanzu ba sa kuka haka. Jatau ya harɗe hannu a ƙirji yana gyaɗa kai.

Sai aka ji hon ɗin babur, ɗit ɗit, wani yana cewa, "Mafara mutum ɗaya."

"Ashe kabu-kabu ya girmi 'yancin kai," in ji Tasi'u daga benci na biyu.

"Na Baturen na," in ji Jatau. "A yi shiru, ana kallo."

Baturen ya bayyana yana duba bakin saniya. Ya miƙe, ya dubi kyamara, ya buɗe baki. Sauti ya riga ya zame daga inda aka ɗora shi tun mutuwar kwamfuta ta uku, don haka abin da ya fito daga bakin Baturen shi ne kukan nan mai tsawo na saniyar Bakura, biye da ƙarar gudu da faɗuwar mutum a taɓo.

Dariya ta ɓarke. Jatau ya ɗaga hannu.

"Likitan dabbobi na hwa. Da yarensu shika yi musu magana."

Kafin a gama wannan sai ga Malam Ishaq ya durƙusa. Ɗakin ya natsu, Alhaji ya miƙe zaune, ya kama gwiwoyinsa. Murya ta fito, babba, mai cika ɗaki: "Ina kwana, ina gajiya, ƙaƙa iyali, ƙaƙa shanu."

Mutane suka fara duban juna. Wani mahauci a baya ya karkata kai.

"Muryar ga kamar na san ta."

"Ni ma. Kamar ta mai mota da lasifika."

"Mutanen dauri duk muryassu ɗaya ta," in ji Jatau da sauri. "Abinci mai kyau sunka ci."

Tsohon da ke cikin fim ya amsa gaisuwa ta hanci, Tasi'u ya ce wannan kuma in ba Jatau ba ne to ɗan'uwansa ne da mura. Malam Ishaq ya yi atishawa ba tare da ya motsa kai ba. Sannan, yana durƙushe cikin ladabi gaban dattijo, ya ce da ƙarfi, "Jama'a a matso kusa, a sha da kunu safe da yamma."

Wani ya faɗo daga kan benci. Masu leƙe ta taga suka juya suna ba na bayansu labari, dariya ta fita har titi. "Sufyanu na, mai maganin basir," ake ta faɗa daga baki zuwa baki. Jatau ya yi wuf zai kashe, hannun babbar rigarsa ya maƙale a ƙusar benci. Yana ta fama da ita fim ya ci gaba.

Malam Ishaq ya miƙe, ya dubi yaron da ke riƙe da igiya. A nan, ko ta yaya aka yi, sauti da baki suka haɗu daidai.

"Maiwada, ɗana, zo nan kusa da ni. Allah shi yi maka albarka. Duk cikin ɗiyana babu kamarka."

Dariyar ta ɗauke. Dattawa suka sunkuyar da kai kamar an tuɓe mutum a gabansu. Gwaggo Turai ta dogara sandarta ta miƙe, wata jikarta na tallafe da ita.

"Wane mara kunya na yas sa wa Yayana wagga magana a baki?"

Babu wanda ya nuna Jatau. Ba a bukatar nuni, kowa shi yake kallo.

"Hajiya, abin da na'ura tah hiddo ke nan."

"Na'urar ƙarya takai. Yaya Ishaq har yak koma ga Allah bai taɓa kama sunan yaron ga ba. Ɗan hwari nai na. Ranar da zai cika ma cewa yay yi a kira mai wancan." Ta nuna talabijin da sanda. "Kuma ba sai na'ura ta hwaɗa mani abin da yac ce nan ba. Abin da yaka ce mai kullum na, in ya gan shi kusa da shanu: kai, tashi nan."

Kamar da gayya, yaron da ke cikin fim ya saki igiya ya ruga da gudu, fim ya ƙare.

Wannan karon ba a yi dariya da ƙarfi ba, saboda Alhaji ya miƙe. Fuskarsa ba ta nuna komai. Ya gyara hula, ya kama hannun Gwaggo, sai da ya kai bakin ƙofa ya ce ba tare da ya waiwayo ba, "Gobe da hantsi ka kawo mani makulli."

Jama'a suka watse suna maimaita kunu safe da yamma. Jatau ya tsaya shi kaɗai da yagaggen hannun riga, kunya da baƙin ciki sun cika shi. Rabi'atu ta zo ta tsaya kusa da shi. Ba ta ce ai na gaya maka ba. Cewa ta yi in aka jingine benci shida a bayan ɗakin girki, sauran shidan za su iya shiga zaure.

Washegari da hantsi ya ɗauko mai kura, suka fara loda kaya. An fitar da benci goma sha ɗaya, yana shirin kwance talabijin, sai ƙofa ta yi duhu. Alhaji ne, shi kaɗai. Jatau ya zaro makulli ya durƙusa ya miƙa da hannu biyu.

Alhaji bai karɓa ba. Ya ce wa mai kura ya je ya sha shayi. Ya tura ƙofar da kansa ya rufe, ya zauna a kan bencin da ya rage.

"Sa mani wurin nan."

"Wane wuri, Alhaji?"

"Ka san wurin."

Jatau ya danne wayar kwamfutar da dutse, ya nemo wurin. Malam Ishaq ya miƙe ya dubi yaron. Maiwada, ɗana, zo nan kusa da ni.

"Ƙarya ta," in ji Alhaji.

"Ƙarya ta, Alhaji. Ka yahe mani."

"Muryar mai maganin basir."

"Ita ta, Alhaji."

"Maimaita."

Ya maimaita. Alhaji ya ce a sake, aka sake. A karo na huɗu dattijon ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya sa gefen rigarsa yana goge ido, ya ce ƙurar ɗakin nan ta yi yawa, ba a shara ne? Jatau ya ce laifinsa ne, za a share.

"Na san yana sona," in ji Alhaji, yana kallon talabijin, kamar ba da Jatau yake ba. "Naman da yah hi kyau ni aka aje ma. Amma ban taɓa jin yadda sunana zai hita a bakin nan ba. Ko sau guda."

Ya miƙo wayarsa. "Sa mani shi a nan. Wurin ga kaɗai, ban da kunun."

Jatau ya sa. Alhaji ya mayar da hula, ya soke wayar can cikin aljihun ciki, ya miƙe. Fuskar nan ta jiya ta dawo.

"Maida bencinanka. Zan ce ma yara su nemi wani wuri." Ya ɗaga yatsa. "Amma ka ji da kyau. Ranar da nij ji abin da ya hwaru cikin ɗakin ga a bakin wani, ko matarka ta, ranar hirji ka shigowa."

Ya buɗe ƙofa ya fita, yana amsa gaisuwar mutane a daƙile kamar kullum.

Jatau ya fito ya fara sauke benci daga kan kura. Tasi'u ya bar keken ɗinki ya taso, masu shayi suka matso, mahauta biyu suka leƙo da wuƙaƙe a hannu.

"A'a, Jatau, maida kaya kakai? Mi kac ce ma Alhaji? Ƙaƙa anka yi?"

Jatau ya dube su. Mutum kusan goma, duk sun zuba masa ido, kunnuwa a buɗe. Tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa samun labari irin wannan ba, ga shi kuma gaskiya ne daga farko har ƙarshe. Ƙirjinsa ya kumbura, ya ja numfashi, ya buɗe baki. Can a bakin mahauta ya hango bayan Alhaji, hannunsa ɗaya dafe da aljihu.

Ya rufe bakin.

"Haƙuri nib ba shi," ya ce. "Kama mani bencin ga."